Elefsina: Yadda Garin Alkama da Asiri Ya Koma Garin Hayaƙi

Wanda ya taso a mota daga tsakiyar Atina, babban birnin ƙasar Girka, ya nufi yamma, ba zai yi nisa ba sai ya ga duwatsu sun matse titi dama da hagu. Wannan matsatsin shi ake kira Dafni, inda Dutsen Egaleo ya tsage ya ba da hanya. Yana gangarowa daga cikinsa komai ya canza. Gidajen bene masu baranda da suka cika Atina sun ƙare. Ga teku a hannun hagu, kwance lamo kamar ruwan tafki. Ga tankunan mai, ga bututun hayaƙi, ga manyan injinan ɗaga kaya, ga jiragen ruwa da tsatsa ta cinye. Can gaba, kimanin kilomita 20 daga inda ya taso, akwai wani gari wanda shi da ƙauyen Magula da aka haɗe masa a 2011 mutanensu sun kusa 30,000. Sunansa Elefsina. Mutanen da kuwa Elusis suke ce masa.

Yawancin masu wucewa ba sa taka birki, Korinti suka nufa ko Patra. Amma wannan gari da ake ratsawa gilashin mota a rufe ya shafe shekara sama da dubu yana cikin wuraren da Girkawa suka fi girmamawa, har sarakunan Rum na tasowa takanas su zo a shigar da su cikin asirinsa. Ta yaya wuri irin wannan ya zama matattarar duk wata masana'anta da Atina ba ta son gani a ƙofar gidanta? A ganina amsar tana cikin ƙirar ƙasar. Abin da ya ɗaukaka garin a da, shi ne dai ya jawo masa hayaƙi daga baya.

Yankin Atika, inda Atina take, ƙasa ce mai duwatsu da tsandauri. Zaitun da inabi na yi, amma wurin da za a shuka hatsi a cika rumbu bai da yawa. Ɗaya daga cikin 'yan wuraren shi ne filin Tiriyasiyo, wanda Elefsina ke zaune a bakinsa na kudu. Duwatsu sun yi masa ƙawanya ta gefe uku: Egaleo a gabas, Parnita a arewa, Patera a yamma. Duk ƙasar da ruwan sama ya zaizayo daga kansu a nan take kwanciya. Ta kudu kuma teku ne, amma teku mai ƙyaure, domin tsibirin Salamis ya gitta a bakinsa ya tare shi, bai bar komai ba sai 'yan mashigai biyu ƙunƙuntattu, ɗaya ta gabas ɗaya ta yamma. Saboda haka ruwan ba ya hauka, kuma ko inda ya fi zurfi bai wuce mita talatin da 'yan kai ba. Sannan ga mararraba: hanyar da ta fito daga Atina a nan take rabuwa, ɗaya ta bi gaɓar teku zuwa Megara da Korinti, ɗaya ta hau arewa ta ƙetare Dutsen Kitairon zuwa Tiba.

Fili mai albarka, ruwa mai natsuwa, mahaɗar hanyoyi. Sai na huɗu, wanda ba a cika lissafa shi ba: dutsen nan na Egaleo ya zama labule. Garin yana kusa da Atina ainun, amma wanda ke Atina ba ya ganin abin da ake yi a bayansa.

Tatsuniyar da Girkawa suka ɗora garin a kai, ta hatsi ce. Sun ce Dimitra, abar bautarsu mai kula da amfanin gona, tana da 'ya mai suna Persefoni. Wata rana Fuluto, sarkin ƙarƙashin ƙasa, ya sace yarinyar ya nutse da ita. Uwar ta bi duniya tana cigiya, har ta iso Elusis cikin kamar tsohuwa, ta zauna a bakin wata rijiya. Gidan sarkin garin, Keleyos, suka karɓe ta. Don baƙin ciki ta hana ƙasa tsiro, yunwa ta kusa ƙarar da mutane, dole aka yi sulhu. Sai dai yarinyar ta riga ta ci 'ya'yan rumman a can ƙasa, saboda haka aka yanke cewa za ta riƙa yin wani ɓangare na shekara a wurin mijinta, sauran a wurin uwarta. Duk manomi ya gane abin da ake nufi: iri ne ake binnewa, ya ɓace, sannan ya fito. Har yau a cikin kufan ana nuna wa baƙo rijiyar, da wani kogo a jikin dutse da aka ce ta nan ne ƙofar ƙarƙashin ƙasa.

A kan wannan labari aka gina Bikin Asiri, wanda ake yi kowace shekara a watan da suke kira Bowedromiyon, wajen Satumba zuwa Oktoba, gab da lokacin shukarsu. Abin da ya fi ba ni mamaki game da shi shi ne sharaɗin shiga. A al'ummar da mace ba ta da ta cewa a taron gari, bawa kuwa dukiya ne, wannan biki bai tambayi asali ba. Namiji ko mace, ɗa ko bawa, kowa na iya shiga, muddin yana jin Girkanci kuma babu alhakin jini a kansa. (Masu bori na cewa an yi wa mutum girka idan an shigar da shi, dacewar kalmar da sunan ƙasar katari ne kawai.)

Ana fara hidimar ne a Atina. Masu neman shiga su gangara bakin teku, kowa da ɗan aladensa, su yi wanka su wanke shi, sannan a yanka. Bayan 'yan kwanaki sai ayari ya tashi daga ƙofar birni a unguwar Kerameikos, a ƙafa, ya bi Tsarkakakkiyar Hanya, tafiyar kusan kilomita 22, ta cikin matsatsin Dafni, ta gefen wasu tafkuna masu ruwan gishiri. A kan wata gada akwai masu jira, aikinsu su yi wa manyan gari zambo da baƙar magana a bainar jama'a, ba mai cewa uffan. Sai dare a isa Elusis da bakin wuta a hannu. A yi azumi, a buɗe baki da wani abin sha mai suna kikeyon, haɗin sha'ir da ruwa da wani irin na'a-na'a. A ƙarni na 20 wasu masana sun yi hasashen cewa akwai wata cutar hatsi mai gusar da hankali a cikin abin shan. Hasashe ne, kuma masana da yawa ba su karɓe shi ba. Titin nan kuwa yana nan, motocin haya na bin sa kullum, kuma sunansa bai canza ba: Iera Odos, wato Tsarkakakkiyar Hanya.

Ƙarshen bikin a cikin wani zaure ake yin sa, mai suna Telesteriyon. Ɗakunan bautar Girkawa galibi na gunki ne kawai, jama'a a waje suke tsayawa. Wannan kuwa don taro aka yi shi: rufaffe, kowane gefe ya haura mita 50, ginshiƙai 42 na riƙe da rufin, ga matakala a kewaye, wasu an sassaƙe su a jikin dutsen kansa, inda dubban mutane ke tsayawa. A tsakiya akwai ɗan ɗaki da babban mai tsafin kaɗai ke shiga. Gidaje biyu ne suka gāji aikin, Yumolfidai da Kerikes. Abin da ake nuna wa mutane a daren, hukuncin mai tona shi kisa ne, kuma dubban ɗaruruwan da suka gani cikin ƙarnoni sun kama bakinsu. Abin da suka yarda su faɗa shi ne sakamakon: wai wanda ya gani ba ya ƙara tsoron mutuwa kamar da. Sisero, masanin nan na Rum, ya rubuta cewa cikin duk abin da Atina ta ba duniya babu wanda ya fi wannan.

Ba wasa ake da dokar ba. A shekara ta 415 kafin Miladiyya aka zargi Alkibiyadis, janar mafi tashe a Atina, da kwaikwayon bikin a wani gida cikin raha da abokai. Yana bakin yaƙi a Sisili aka aika a dawo da shi. Ya sulale ya gudu wurin abokan gaba, Sparta, aka yanke masa hukuncin kisa ba ya nan. Siyasa ce ta sa rigar addini, ba shakka, amma maƙiyansa sun san rigar da za ta yi aiki.

Tun wannan zamani ake iya ganin irin zaman da ke tsakanin garin da babban maƙwabcinsa. Elusis ta taɓa cin gashin kanta kafin Atina ta haɗiye ta. Aka bar wa 'yan gari limancin, Atina ta riƙe kuɗin da martabar. A ƙarni na 5 kafin Miladiyya ta kafa doka, wadda aka rubuta a kan dutse kuma an tono ta, cewa manomanta da na garuruwan da ke ƙarƙashinta su riƙa kai tumun amfanin gona Elusis: kaso ɗaya cikin 600 na sha'ir, ɗaya cikin 1,200 na alkama. Kason kaɗan ne, amma saƙon babba: daga wurinmu noma ya fito, don haka ku biya.

Mararraba kuma ba ayarin ibada kaɗai ke bin ta ba. A 480 kafin Miladiyya rundunar Farisa ta ƙone wurin bautar, kuma a wannan shekara, a matsatsin ruwan da ke tsakanin Salamis da gaɓa, jiragen Girkawa suka ragargaza na Zaksis, sarkin Farisa, yana zaune a gangaren Egaleo yana kallo. Herodotus, marubucin tarihi na Girka, ya kawo labarin cewa gab da yaƙin an hangi ƙura ta tashi daga wajen Elusis kamar ta ayarin mutum 30,000, alhali ƙasar ta watse babu kowa. Cikin waɗanda suka yi wannan yaƙi har da wani ɗan asalin Elusis, Eskilos, wanda aka haifa wajen 525 kafin Miladiyya, kuma ake ɗauka a matsayin uban wasan kwaikwayo mai ban tausayi a Girka. Bayan rabin ƙarni, a 431, ta wannan fili dai Spartawa suka shigo suna lalata gonaki.

Zamanin Rumawa shi ne ganiyar gine-gine. An shigar da Sarki Hadiriyan cikin asirin, ya gina gadar dutse a kan kogin garin, wadda har yau tana nan a gefen babban titi. Sarki Markus Oreliyus ma an shigar da shi, kuma shi ya gyara wurin bayan wasu mahara daga arewa sun ɓarnata shi a shekara ta 170. An ce Sarki Nero bai yi ƙarfin halin zuwa ba, don ya san mai shela zai kori masu jini a hannu. Daga nan Kiristanci ya zama addinin daula. Dokokin Sarki Tiyodosiyus na 391 da 392 suka haramta bautar da, sannan a 396 Alarik da rundunarsa ta Gotawa suka bi ta wurin suka bar shi kango.

Shekara dubu da ɗari huɗu da suka biyo baya ba su da dogon labari. Gari ya koma ƙauye, 'yan fashin teku na addabarsa, sunan ya lanƙwashe ya zama Lefsina. Arbanitawa, wato Kiristoci masu magana da wani reshe na harshen Albaniya, suka zauna a nan da ƙauyukan kewaye irin su Mandra da Asfirofirgos.

Amma akwai wani abu guda da ya faru a 1801, lokacin Daular Usmaniyya ta Turkawa na mulkin ƙasar, wanda ya cancanci a tsaya a kansa. Wani Bature ɗan Ingila, Edward Daniel Clarke, ya iske wani ƙaton mutum-mutumin mace na farin dutse, ɗauke da kwando a ka, binne har wuya a cikin tarin taki. Ba wulaƙanci ba ne. Mutanen ƙauyen, Kiristoci, suna kiranta Waliyyiya Dimitra, sunan da coci ba ta san da shi ba, kuma sun yi imani ita ke sa gonakinsu albarka. Shekara dubu da ɗoriya bayan an rufe wurin bautar, sunan da aikin sun tsira a bakin manoma waɗanda ba su taɓa karanta labarin ba. Clarke ya samo izini daga mahukuntan Turkawa, ya ciccibe ta duk da ƙin amincewar mutanen. Jirgin da ya ɗauko ta ya yi hatsari a gaɓar Ingila, aka tsamo ta, yau tana gidan tarihi na Fitzwilliam a Kambirij. 'Yar'uwarta, domin su biyu ne ke riƙe da rufin wata ƙofa, tana ɗan gidan tarihin Elefsina.

A ƙarshen ƙarni na 19 abubuwa biyu suka taso kafaɗa da kafaɗa. A 1882 ƙungiyar masu binciken kayan tarihi ta Atina ta fara tono sosai, aka tashi gidajen da ke kan kufan. Shekara bakwai kafin nan, a 1875, 'yan gidan Harilawu sun riga sun kafa masana'antar sabulu da man zaitun a bakin ruwa, jifa kaɗan daga wurin tonon. Layin dogo ya iso a shekarun 1880. A 1902 kamfanin Titan ya buɗe masana'antar siminti ta farko a Girka, a gindin tudun da kufan ke kai, kuma fasa dutse ya cinye wani sashe na tudun. Masana'antun giya na Votrys da Kronos da ta fenti ta Iris su ma suka kafu a garin.

Me ya kawo su? Abubuwan nan dai da aka lissafa tun farko. Ruwan da ba ya hauka yana nufin jirgi zai tsaya a ƙofar masana'anta ya yi lodi. Shimfiɗaɗɗen fili yana nufin gini ba wahala. Duwatsun kewaye na farar ƙasa ne, abincin siminti. Kasuwar Atina na nan kusa, ga kuma labulen Egaleo.

Sauran ma'aikata, su ma tarihi ya kawo su. A 1922 rundunar Girka ta sha kashi a Anatoliya, birnin Simirna, wato Izmir ta yau, ya ƙone. Yarjejeniyar musayar jama'a da aka sa wa hannu a Lozan a 1923 ta tabbatar da abin da ya riga ya faru: Kiristoci kimanin miliyan 1.2 suka bar Turkiyya zuwa Girka, Musulmi sama da 350,000 suka bar Girka zuwa Turkiyya. Wasu daga cikin 'yan gudun hijirar suka sauka a Elefsina, ba gona ba jari, sai ƙarfin damtse. Bayansu mutanen tsibirai irin su Simi da Kirit da na yankin Ifiros suka yi ta zuwa cin rani suna zarcewa. Har yau akwai unguwar da ake kira Simiyaka, wato ta mutanen Simi. Ƙauyen manoma ya zama garin leburori.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu abin ya wuce misali. Masana'antar ƙarfe ta Halyvourgiki ta kafu a gabashin garin a shekarun 1950. Matatar mai ta Asfirofirgos ta fara aiki a 1958. Wuraren ƙera jiragen ruwa suka tashi a Skaramanga da Elefsina. A zamanin mulkin soja na 1967 zuwa 1974, lokacin da babu mai iya ɗaga murya, aka ƙara wata matatar a yammacin garin. Ga kuma sansanin sojan sama a arewa. Aka wayi gari mutanen da ke bakin teku ba su da inda za su taka su taɓa ruwan, sai ɗan tsukin da ya rage. Simintin da aka gina sabuwar Atina da shi, da man da motocinta ke sha, da rodin da ke cikin benayenta, da yawa daga wannan fili suka fito. Inuwar giginya ke nan, na nesa ka sha. Na kusa kuwa ƙura ce rabonsa, kuma zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

A nan ne ƙirar ƙasar ta juya wa garin baya. Mashigin da ke kare jirgi daga igiya, ba ya barin ruwa ya sauya. Duk abin da aka zuba a ciki yana nan. Ga dattin masana'antu, ga kuma ruwan masai na Atina da aka yi shekaru ana tuttularwa cikin teku ba tacewa, kusa da mashigar gabas, har sai da tashar tace shi ta tsibirin Psitaliya ta fara aiki a 1994. Da bazara ruwan sama-sama kan yi ɗumi ya danne na ƙasa, ba sa cakuɗa, iskar da kifi ke shaƙa ta ƙare a can ƙasa. Natsuwar ruwan ta kuma sa ya zama wurin ajiye jiragen da ba su da aiki, wasu masu su suka tsiyace suka watsar. Mafi shahara shi ne Mediterranean Sky, tsohon jirgin fasinja da ya kife a gefe guda a 2003, ya zama abin da matasa ke zuwa ɗaukar hoto.

Iska ma haka. Ƙawanyar duwatsu tana riƙe hayaƙi, tana riƙe zafi. Ranar 10 ga Yuli, 1977 aka auna maki 48 a ma'aunin Salsiyos a Elefsina, kuma wannan ya zauna a matsayin zafi mafi tsanani da aka tabbatar a Turai har sai da Sisili ta kai 48.8 a Agustan 2021. Babban jujin Atina, na Fili, shi ma a gefen wannan kwari yake. Rafukan da suka kawo ƙasa mai albarka kuwa, an yi gini a kan hanyoyinsu an toshe. Ranar 15 ga Nuwamba, 2017 aka tafka ruwa a kan Dutsen Patera, ambaliya ta bi tsohuwar hanyarta ta ratsa tsakiyar Mandra, maƙwabciyar Elefsina, ta kashe mutum sama da 20.

Yau tsofaffin masana'antun bakin ruwa galibi sun yi shiru. Matatun mai na aiki, amma sabuwar sana'ar filin ita ce ajiyar kaya: manyan sito-sito, tireloli, layin dogo da ya haɗa shi da tashar jiragen ruwa ta Pireyus, da babbar hanyar Attiki Odos da ta tashi daga Elefsina ta zagaye Atina ta arewa har filin jirgin sama. Mararrabar ce dai ke ci gaba da ciyar da garin, yanzu da kwantena.

Kangayen kuma an fara nema musu wani amfani. Tun 1975 ake bikin wasanni da sunan Eskilos, kuma dandalinsa a cikin tsohuwar masana'antar sabulun nan yake. A 2016 aka zaɓi Elefsina ta zama Babban Birnin Al'adun Turai na 2021. Annobar korona ta sa aka ɗage zuwa 2023, ta riƙe kambin tare da Timishwara ta Romaniya da Vesprem ta Hangare. Ita ce ta huɗu a Girka bayan Atina a 1985, Tasalonika a 1997 da Patra a 2006. An yi wasanni, an gyara wasu gine-gine, baƙi sun zo. Ban ga laifin hakan ba, amma biki na shekara guda ba ya yashe laka mai guba daga ƙasan teku, kuma tambayar da ta fi damun mazauna garin, wato wa ke da bakin ruwan, ba mawaƙa ne za su amsa ta ba.

A kan tudun da ke saman Telesteriyon akwai wata 'yar coci ta Maryamu. Mutanen garin na yi mata laƙabi da Mesosforitisa, wato ta tsakiyar shuka, domin bikinta na faɗowa ne ranar 21 ga Nuwamba, lokacin da manomi ya kai rabin shukarsa. A jajibirin ranar akan buɗe ƙofar kufan da yamma, mata su hau tudun ɗauke da burodi da kwanukan dafaffen hatsi, alkama da wake da sauran ƙwayoyi a haɗe, limamin coci ya sa albarka, a raba wa duk wanda ya zo. Gonakin da ake roƙa wa albarkar yawancinsu yanzu suna ƙarƙashin kwalta da sito. Daga ƙofar cocin ana hango wutar da ke ci a saman bututun matatar mai.